Mutumin Darasi na Bakwai

Talata, mako na uku da tafiyarka

Likitana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji da gaida bango. Da fatan kana lafiya, kana cin abinci a kan lokaci, kuma igiyar takunkumin nan ba ta cinye maka bayan kunne ba. Ni lafiyata ƙalau, ba tari ba zazzaɓi. Inna ma lafiya, jiya muka yi waya. Ta ce in faɗa maka ta daina fita kwata-kwata, amma ina jin muryar maƙwabciyarta a gefenta tana tambayar da wa take magana. Hajiya mai gidanmu tana gaishe ka. Yanzu ta taga muke hira, ita a ƙasa ni a sama, kowa na ɗaga murya kamar masu faɗa.

Na san za ka ce kai nas ne ba likita ba. To tunda an ɗauke likitanku an kai shi cibiyar masu annoba, an bar maka asibiti, sai ka haƙura da sunan.

Baba Direba ya kawo takardarka ranar Lahadi. Ya ajiye ta a kan matakala ya ja da baya, ya ce motar magani duk sati biyu take zuwa wajenku, in ina da saƙo in shirya. Layi shida ka rubuto, na ƙirga. Huɗu na darasi ne, ɗaya na wayarka da ruwan goge hannu ya kashe, ɗaya nawa. Ba komai, na karanta nawan har ya zame mini shafi guda.

Na shiga intanet inda ka kwatanta, na sami darussan kula da masu rauni. Goma sha biyu ne, an shirya wa ma'aikatan asibiti saboda masu koyarwa ba sa iya yawo a cikin kullen nan. Shagon buga takardu na bakin titi a rufe yake, haka ma na bayan makaranta. Sai na ɗauko sabon littafin rubutu na zauna ina kwafa daga waya da hannuna. Ga na ɗaya zuwa na uku nan. Zanen ma na yi iya ƙoƙarina. In ka ga wani abu kamar jaka biyu a rataye, huhu ne.

Amma ina da ƙorafi. Kowane darasi da ɗan labarinsa, sai dai wanda ya rubuta su kamar ba shi da zuciya. "Mace mai shekara arba'in, mota ta buge ta, numfashinta na sarƙewa." Shi ke nan. Wace ce? Ina za ta? Wa ke jiranta a gida? Ka san halina, ni da ba na fara littafi sai na leƙa shafin ƙarshe na tabbatar masoyan sun haɗu. Na kasa barinta haka a kan gado ba kowa. Sai na ce tela ce, ta fito kai ɗinki, rigar na cikin jakarta ko gugar ba ta ɓaci ba. Aikin kuwa ban taɓa ko ɗigo ba. Hanyar iska, numfashi, jini, yadda suka jera haka na jera.

Takalmanka suna nan a bakin ƙofa. Na so in ɗauke su ranar shara, sai na ga in na buɗe ƙofa ɗakin ya fi kama da na mutum biyu. Titinmu ya yi tsit, har ina jin ɗigon famfon Hajiya daga nan sama. Wata takwas da aure, a littafi ko babi na biyu ba mu kai ba, an ɗauke jarumin.

Matarka,
Mai Littafi

Asabar

Mai Littafi,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Kunnen dai ya sha wuya, amma an ɗinka mana igiyar da ake ɗaurawa ta ƙeya. Ki gaida Inna, ki ce na ji labarin daina fitar. Ki gaida Hajiya ta taga.

Mu uku ne a nan: ni, da Sista ungozoma wadda ta kusa ritaya, da mai ba da magani. Kin san shekara huɗu na yi a ɗakin yara ina allurar rigakafi, rabona da ɗinkin rauni tun makaranta. Yanzu da aka rufe hanya duk wanda ya faɗi ko ya yanke nan ake kawo shi, ga masu tari a ɗaki guda da muka keɓe. Ana gina mana sabon ɗakin killacewa a bayan asibiti, katanga ta tashi amma ba a kai rufi ba.

Takardunki sun yi amfani. Kullum bayan azahar mukan zauna a rumfa nesa da juna, in karanta darasi, mu gwada a kan filo da muka sa wa riga. Sista ta ce in gaya miki huhunki ya fi na littafin makarantarsu kyau. Da na kai kan telar sai na tsaya na ce wannan ba ya cikin darasi, aikin matata ne. Ta ce in ci gaba, tana so ta ji ko an kai rigar. Shekaranjiya aka kawo wani da babur ya kayar, na rikice ina neman bandeji, sai ta ce, "Ka manta tela? Hanyar iska tukuna." Don haka ki ci gaba da ba su sana'a, sun fi zama a kai.

Ina kewarki. Layi ɗaya ne amma babba ne, ki ƙirga shi biyar.

Mijinki

Alhamis, mako na biyar

Likitana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan wannan ta same ka lafiya, kai da Sista da filon mai riga. Ni ina lafiya. Inna ta yi ɗan mura amma ya wuce, ta ce kada in gaya maka, ga shi na gaya maka. Mai shagon kusurwa kuwa cutar ta kama shi, ranar Litinin aka zo aka ɗauke shi. Masu fararen kaya suka fesa magani har matakalarmu. Hajiya ta daina buɗe taga tun ranar, sai dai ta buga rufin ɗakinta da sandar tsintsiya da safe, ni kuma in buga ƙafa sau biyu. Hirarmu ke nan yanzu.

Layinka na ƙirga shi biyar kamar yadda ka ce. Takardar tana cikin littafin da nake karantawa, ita ce alamar shafi.

Littattafan nawa na gama su kaf, wasu zagaye na uku nake. Sun fara ba ni haushi. Kowa a ciki yana shiga taro, ana riƙe hannu, ana shan ruwa a kofi ɗaya, ba mai tsoron kowa. Jiya na rufe wani a tsakiya na zauna ina kallon fanka. Har yanzu hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba, kullum sai abinci ya yi saura. Nakan zuba a kwano biyu, in ci nawa, in an jima in dawo in ci naka in ce ka yi latti.

Mutanen darasin su ne baƙina. Da safe nakan share tebur, in sa waya a caji, in jingina ta da kofinka, in fara. Mai ƙonuwar darasi na huɗu na mai da shi mai gasa burodi. Yarinyar da ta karye a na biyar tana son tsalle da igiya. Tsohon na shida mai gyaran agogo ne, kuma mafaɗaci, ka karanta shi da murya mai kauri. Wani lokaci ina rubutu sai in ji ina yi musu sannu a fili.

Ga na huɗu zuwa na takwas. Na bakwai ne ya tsaya mini a wuya. Mutumin shekararsa ashirin da tara, ya faɗo daga sama, ya shigo asibiti da ƙafarsa yana tsokanar masu jinya. Shekarunka ke nan, kuma halinka. Kwana biyu na yi ban iya ƙarasa shi ba. Na wanke labule, na jera littattafai bisa launin bangonsu, na sake rushewa na jera bisa tsawo. Sannan na dawo na gama shi yadda zan iya.

Ka dinga wanke hannu ko da ya tsattsage. Na sa maka man shafawa a cikin jakar saƙon, ka ba Sista rabi.

Matarka,
Mai Littafi

Lahadi

Mai Littafi,

Amin wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai gajiya. Sista ta gode da mai, ta ce rabin da na ba ta bai kai rabi ba. Allah ya ba mai shago lafiya. Ki rage fita matakala.

Masu tari sun kai tara, biyu a baranda suke kwana. Magina suna ƙoƙari, babbansu ya ce sati uku ya sa rufi in ruwa ya bar shi.

Mun gama na takwas. Na bakwai ya fi kowanne yi mana amfani. Kullum tsorona kada mutum ya zo da ɗan rauni ya kwana a nan ya kwashi cuta ya kai gida. Darasin ya nuna wanda ya zo da ƙafarsa, yana magana, aka ɗinke shi aka ba shi maganin ciwo, ana iya sallamarsa ya warke a ɗakinsa. Na manna shi a ƙofar ɗakin ɗinkin rauni don mu riƙa gani. Sista ta ce a zamaninsu ajiye mutum ake yi a ga yadda zai wuni, amma tunda masana ne suka rubuta don lokacin annoba ba za ta ja ba. Ta fi son wurin da matar ta tarye shi a bakin ƙofa. Na ce wannan kam na san hannun.

Ki daina cinye mini abinci.

Mijinki

Litinin, mako na bakwai

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni lafiya, kowa lafiya. Ka bar sauran gaisuwar, ka karanta wannan a tsaye.

Ka je yanzu ka cire darasi na bakwai daga ƙofa. Ƙarshensa ƙarya ce, ni na rubuta. Mutumin bai warke ba.

Ga abin da ke cikin darasin na gaskiya, kalma da kalma: "An ɗinke masa rauni, an ba shi maganin ciwo, an sallame shi. Bayan awa shida ya faɗi a gida. Kafin a dawo da shi ya rasu. Saifarsa ce ta fashe, jini yana zuba a cikin ciki ba a gani." Bayan wannan akwai shafi guda na tambayoyi. Me ya sa kafaɗarsa ta hagu ke ciwo alhali ba rauni a kafaɗar? Me ya sa yake ta neman ruwa? Wa ya sake auna bugun jininsa bayan awon farko? Wa ya danna cikinsa? A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wanda ya shigo da ƙafarsa ma yana iya zubar da jini a ciki, a ajiye shi, a riƙa aunawa a kai a kai, in alamun nan sun bayyana a tura shi inda ake tiyata. Duk na kwafe su a takardar da ke haɗe da wannan, ban ƙara ko wasali ba.

Ban san yadda zan faɗa maka dalili ba tare da na zama abin dariya ba. Na kai kan kalmar "rasu" ne, biro na hannuna, kofinka na gabana, sai hannuna ya ƙi. Na ce a raina labari ne kawai, aikin yana can a sama na riga na kwafe shi daidai. Sai na buɗe masa ƙofar gida, na sa matarsa ta fito. Da na yi haka tambayoyin suka zama ba su da ma'ana, sai na bar su. Na ɗauka abin da na yi wa tela ne na yi masa. Ban gane cewa mutuwarsa ita ce darasin ba, sai da na karanta takardarka na ga ka manna shi a ƙofa. Na buɗe na goma sha ɗaya da ban kai ba tukuna, layin farko yana cewa, "Ku tuna da mutumin darasi na bakwai."

Na kira wayarka da na san ta mutu, sau nawa ban sani ba. Ranar Lahadi Baba Direba zai zo. Allah ya sa kafin nan kada kowa ya shigo muku da ƙafarsa.

Ƙari, bayan kwana goma sha tara.

Baba Direba bai zo ba. Na sa takunkumi na taka har ma'ajiyar magani, tafiyar awa guda, ban haɗu da kowa ba sai karnuka da wani mai shara. Mai gadi ya ce an killace Baba sati biyu saboda wani da ya ɗauka ya kamu, kuma ba wata mota da ke bin hanyarku. Na roƙe shi har ya gaji ya rufe ƙaramar taga. Takardar nan tana kan tebur tun ranar, ina kewaye ta kamar garwashi. Ban buɗe littafi ko ɗaya ba. Duk ƙarar da na ji a titi sai in ga wani yana faɗowa daga sama, ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya nufo ka yana dariya.

Yau Baba ya fito, lafiyarsa ƙalau. Na ce masa kada ya sauke ko kwali ɗaya sai ya sa maka wannan a hannu.

Matarka

Asabar, a bakin mota

Na karanta. Mutum huɗu na sallama bisa darasin nan na ƙofa. Na bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Uku lafiya. Na huɗu babban maginin da ke mana gini ne. Jiya ya faɗo daga katanga, na ɗinke masa goshi, ya ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo, na ba shi magani ya tafi yana mini ba'ar ɗinkina bai miƙe ba. Yanzu na same shi a kwance, leɓensa fari, tafin hannunsa sanyi, yana neman ruwa. Na sa masa ƙarin ruwa. Baba Direba ya sauke kaya zai juya da shi babban asibitin garinmu, shi da matarsa. Awa biyar ne.

Ni ma da laifina. Nas ne ni, da takarda ko babu ya kamata in taɓa cikinsa. Amma rubutunki ne, bai zo mini in tuhume shi ba.

Ba ni da hanyar sanin abin da zai same shi. Ke kina kusa.

Kada ki ƙara rubuto mini abin da ba ki gani da idonki ba.

Juma'a, mako na goma sha ɗaya

Maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da taka ta zo ba gaisuwa. Da fatan kana lafiya, da Sista da mai ba da magani. Ni lafiya. Inna lafiya. Mai shagon kusurwa ya dawo, ya rame, bai buɗe ba tukuna.

Layinka na ƙarshe na karanta shi har takardar ta yi laushi. Ranar farko na fahimce shi a kan ba ka son in sake rubuto maka komai, don kusan duk abin da nake rubuto maka ban gan shi da ido ba, a kaina yake. Har yanzu ban tabbatar ba haka kake nufi ba. Amma ka ce ina kusa, sai na tafi. Abin da ke ƙasa duk na gani ko na ji da kunnena.

Ba a barin 'yan uwa su shiga babban asibiti. Suna zaune ne a jikin shingen waya na gefen titi, kowa a kan kwali ko ɗankwali, tsakaninsu taku uku uku. Kullum bayan la'asar wata nas takan fito da takarda ta tsaya a cikin shinge, ta kira lambar gado ta faɗi kalma ɗaya ko biyu. Wanda aka kira nasa ya miƙe, ya ji, ya zauna.

Matar maginin ban sha wuyar gane ta ba, akwai busasshen siminti a bakin zanenta, ta ce na rigarsa ne da ta rungume a mota. Ta kai sa'ar babbar yayata, ba ta da yawan magana. Na zauna taku uku da ita. Ranar ta ce an shiga da shi tiyata tun isowarsu, an cire saifar, an ƙara masa jini. Gado na goma sha huɗu. Da nas ta fito, abin da ta ce a kansa shi ne bai farka ba.

Rana ta biyu na kai mata abinci. Ta tambaye ni wa nake jira. Na so in ce ƙanina, har na fara shirya masa sana'a a kaina. Sai na gaya mata gaskiya, tun daga shagon buga takardu har ƙofar ɗakin ɗinki. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Ke kika rubuta ya warke?"

Na ce ni ce.

Ta kalli shinge. Sannan ta ce, "To ki zauna ki gani."

Ba ta sake yi mini magana ba ranar, amma ta ci abincin. Nas ta ce bai farka ba.

Rana ta uku aka ce zazzaɓi ya kama shi, an ɗauki gwajin cutar. A ranar ce aka kira gado na tara, wani dattijo da ke gefenmu ya miƙe. Nas ta sauke takardar ta ce masa ya yi haƙuri. Ya tsaya kaɗan, ya naɗe kwalinsa ya sa a hammata, ya tafi shi kaɗai a tsakiyar titi, ba wanda ya isa ya dafa shi. Na bi shi da ido har kwana. Ban san ko matarsa ce ko 'yarsa ba, kuma ban ƙirƙira ba.

Rana ta huɗu ba canji. An yi ruwa, muka raɓe a rumfar mai gadi. Matar ta ce shekara ashirin da biyu yana hawa katanga bai taɓa faɗowa ba, sai da ya zo yi wa asibiti gini. Ta ce in ya tashi sai ta fasa masa ɗaya gefen goshin. Na yi dariya, ta harare ni, sannan ita ma ta yi.

Rana ta biyar gwaji ya fito, ba cutar ba ce, zazzaɓin ya sauka.

Rana ta shida nas ta kira goma sha huɗu ta ce ya farka, ya sha ruwa, ya yi magana. Matar ta zauna a ƙasa ba a kan kwalin ba, ta rufe fuska da mayafi. Jiya an mai da shi ɗakin masu samun sauƙi. Nas ta ce likitan tiyata ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da ba wannan zancen ake ba.

Na san matsalata. Na taɓa rubuto maka wannan ƙarshen da wannan hannun, ya warke, matarsa na jiransa a ƙofa. Ba ka da dalilin yarda da ni yanzu, kuma ban gan shi da idona ba, ba a shiga. Na faɗa wa matar haka. Ta roƙi nas ta tambayo shi ko yana da saƙo zuwa wurinku. Ga abin da ta dawo da shi, ta karanta mana ta cikin shinge:

"A gaya wa mai karkataccen ɗinki cokalin ginina yana kan katangar gabas, a ramin bulo na uku daga kusurwa, da jar roba a mariƙinsa. A ɗauke kafin ruwa ya sa shi tsatsa. Kada a ba kowa aro."

Ni ban taɓa ganin katangarku ba. Ka je ka duba.

Ga darasi na tara zuwa na goma sha biyu. Mutum biyu sun rasu a ciki, na rubuta kalmar da hannuna duka biyun. Ban ba kowa sana'a ba, ban san ko har yanzu kuna so ba.

In ba ka son dogayen wasiƙu, ka faɗa, zan riƙa aiko darasi kawai. Ɗakin yana nan yadda ka sani. Na fara wani littafi jiya daga shafin farko, ban leƙa baya ba, ban kuma yi nisa ba.

Matarka

Lahadi

Mai Littafi,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Wannan gaisuwar biyu ce, da ta yau da wadda na riƙe. Ki gaida Inna da Hajiya, ki gaida matar magini in kin koma shinge.

Na sa tsani na hau da kaina, Sista na riƙe da shi tana mini faɗa. Cokalin yana nan, ramin bulo na uku, da jar roba. Ya fara tsatsa a baki. Na goge shi da mai na sa a ƙarƙashin gadona. Mutum biyu sun zo aro na hana.

Sabon na bakwai yana manne a ƙofa. Mun karanta shi a rumfa har da tambayoyin. Sista ta ce sana'a ki ci gaba da ba su, ƙarshen ne kawai ba naki ba.

Darasi nake nufi da wancan layin. Sauran, fanka da kofi da abin da ke kanki, ki rubuto duka. Wannan zuwan jakar ta yi mini sauƙi da yawa.

Ki bar takalmana a bakin ƙofa.

Mijinki